Yadda Ake Guje wa Magana Ɗaya da Tafiyar Kilomita Ɗari Bakwai

Kai maigida, kai da aka sallama daga aiki da farantin yabo da agogon hannu, kai da matarka ta dube ka ta ce akwai maganar da za ku yi, matso kusa, ka zo inda za a share maka hawaye. Bi matakan nan bakwai ba tare da tsallake ko ɗaya ba. Ina tabbatar maka cikin kwana hamsin za ka rage kilo tara, ka zubar da farce huɗu, ka tara hoto ɗari uku, kuma maganar nan ba za a taɓa yin ta ba.

Kar ka tambaye ni dutse nawa na hau. A bene na biyu nake zaune, kuma da lifta nake hawa. Amma mijin yayata, Tak Man-bok, ya taka Baekdu-daegan, doguwar hanyar duwatsun ƙasarmu, tun daga Jirisan a kudu har Jinburyeong a arewa, a kan doron duwatsu, bai sauko gida ko sau ɗaya ba. Ni na kai shi, ni na je tarbarsa. Ilimin duk nasa ne, nawa rubutu.

Mataki na ɗaya: Samo abin da kake gudu

Ba wanda ke taka kilomita ɗari bakwai don kallon itatuwa. Itatuwa suna nan a bayan tashar bas. Duk wanda ya ce maka iska mai daɗi ya je sha, ka tambaye shi me ya baro a gida.

Man-bok ya yi shekara talatin yana manaja a kamfanin da ke ƙera robar ƙofar firji a Daejeon. Da aka sallame shi ya dawo gida ya zauna, ya shiga sahun mazan da matan unguwa ke kira Ci-Uku, wato na safe, na rana, na dare, duk a gida, duk a kawo masa. Yayata Nam-suk tana da shagon kimchi, wato kabejin da aka tsima da barkono, da kayan haɗin shinkafa a kasuwa. Kullum rana tsaka sai ta rufe shago ta hau bas ta zo ta zuba masa abinci, don mutumin da ya shugabanci ma'aikata tamanin bai san inda cokula suke kwana ba. Ladanta shi ne ya buɗe firji ya yi mata bayanin yadda ake jera kaya a ciki, tunda fanninsa ne.

Wata huɗu ana haka. Wata rana ta ajiye masa tire, ba ta koma shago ba, ta zauna.

"Baban Da-som, bayan bikin girbi zan koma ɗakin da ke saman shago."

"Gyara za a yi a gidan?"

"Ba gyara. Ba kuma saki nake nema ba, kar cikinka ya ɗuri ruwa. Na gaji ne. Ina so mu zauna mu yi magana."

Gaskiya ɗaya ce, tsoro ya ji irin wanda bai ji ba ko ranar da aka sallame shi, don bai san yadda ake zama a gidan da babu Nam-suk ba. Amma maimakon ya faɗi haka, sai ya kalli talabijin, inda wani mai jar riga ke tsaye a kan tsauni yana ɗaga sanda.

"Zan taka Baekdu-daegan," ya ce.

"Za ka me?"

"Gaba ɗaya, ba tsayawa. In na dawo ma yi maganar."

Ka ga gwaninta. Da ya ce mashaya za shi, da an kira shi ɗan iska. Da ya ce dutse, sai ga maƙwabta suna yi masa jinjina a bakin lifta. Dabararsa kuwa ita ce Nam-suk ta kwana hamsin ba shi, kewa ta dafa ta, ta gane irin namijin da take shirin bari.

Mataki na biyu: Sayi kaya kamar za ka yaƙi

Je shagon kayan hawa dutse. Za a kira ka Shugaba tun daga ƙofa, kuma duk sanda aka kira ka Shugaba farashi ya hau. Sayi riga mai launin da za a hango ka daga Japan. Sayi sanduna biyu, da tanti, da tukunyar da ta fi ta gidanku tsada, kai da ba ka taɓa dafa ƙwai ba.

Daga nan ka shiga rage nauyi, don haka ƙwararru suke yi. Man-bok ya yanke rabin mariƙin buroshin haƙoransa da zarto, ya auna ya ga ya rage giram shida, ya yi murna. Sannan ya cusa kwalin tsofaffin katunansa masu ɗauke da "Manaja", ko za a haɗu da wani babba a hanya. Jakar ta tashi kilo ashirin da biyu. Da ya goya ta a falo sai da na riƙe shi ta baya.

Mataki na uku: Buga ƙyallaye da sunanka

Wannan shi ne zuciyar sana'ar, ka natsu. Ka san al'adarmu, duk ƙungiyar da ta bi hanyar dutse tana ɗaura zirin ƙyalle a reshe, da sunanta a jiki, musamman a inda hanya ta rabu biyu. Na baya in ya rikice sai ya ɗaga kai, inda ƙyalle yake nan hanya take. An yi abin don taimako. Kai kuma za ka yi shi don a san ka wuce.

Man-bok ya buga ɗari shida, ruwan ɗorawa, da baƙin rubutu: "Tak Man-bok. Shi kaɗai. Ba tsayawa." A ƙasa kuma lambar waya. Ba tasa ba, don tasa za ta kwana a kashe, yana son kaɗaici da kansa. Lambar shagon Nam-suk ya sa.

Na ce, "Yaya, lambar shago fa?"

Ya dube ni da tausayi, irin kallon da yake yi wa sabon ma'aikaci. "Kai ba ka san mata ba. In na gaya mata ni wane ne, ba za ta yarda ba. Amma in baƙi suka riƙa kira suna yabona, 'yan jarida ma suna nema na, da kunnenta za ta ji."

Ƙanin mata ba ya gyara wa manaja lissafi.

Mataki na huɗu: Rena masu gutsurawa, amma ka ci abincinsu

Kwana uku na farko gwiwa za ta yi ƙara, ƙafa ta yi bororo, ruwan sama ya bi ta wuyan rigar nan mai tsada ya sauka har wando. Za ka gane cewa hanyar ba ta da wani sirri. Ka hau, ka sauka, ka hau wanda ya fi shi. Duk tsaunin da ka ce shi ne na ƙarshe, yayansa yana bayansa yana jira. Jiki magayi.

Abin da zai riƙe ka shi ne raini. Yawancin mutane gutsura hanyar suke yi, su zo da bas ranar Asabar, su taka kilomita ashirin, su koma gida su yi wanka, a haka har shekara biyu. Ka ɗauke su 'yan wasa. In kun haɗu a ƙololuwa sun shimfiɗa leda sun baje naɗin shinkafa da dafaffen nama da farar giyar shinkafa, ka tsaya nesa kaɗan kana kallon sararin sama kamar mai tunani. Za su kira ka. A kan dutse kowa Shugaba ne, kuma ba a barin Shugaba da yunwa.

A rana ta sha tara wasu mata shida daga Gumi suka kira Man-bok. Ya ci naɗi huɗu yana yi musu bayanin bambancin mai tafiya na gaskiya da ɗan yawon Asabar.

"Shugaba, kwana sha tara ba ka je gida ba?" in ji babbarsu. "To uwargida fa?"

"Tana goyon bayana ɗari bisa ɗari."

"Ai dole ta goya," in ji ta. Ta juya ga ƙawarta. "Ke, nawa ake sayar da irin jakar nan? In saya wa namu."

Suka kwashe da dariya, shi ma ya taya su, bai san da wa ake ba. Bai kuma lura sun ja ledarsu sun koma ta inda iska ke fitowa ba, don rabonsa da sabulu tun Jirisan.

Mataki na biyar: In ka ɓata, ɓata da ƙarfin gwiwa

Kowa yana ɓata a hanyar nan. Ƙaramin mutum in ya ɓata sai ya tsaya, ya duba taswira, ya koma da baya, ko ya tambayi wani. Kai ba ƙaramin mutum ba ne. Shekara talatin ana tambayarka, ba ka tambayar kowa.

A rana ta talatin da uku, kusa da Taebaek, gajimare ya sauko ya rufe dutsen da hantsi, ba ka ganin ƙarshen sandarka. Man-bok ya iso inda hanya ta rabu. Tsofaffin ƙyallayen ƙungiyoyi, koɗaɗɗu, duk sun yi hagu. Ya tsaya ya yi nazari irin na manaja, ya yanke hukuncin cewa duk sun yi kuskure, 'yan Asabar ne, me suka sani. Ya yi dama. Kuma don tausayin na baya, ya riƙa ɗaura nasa sababbi duk taku ashirin, ƙulli biyu-biyu, yadda ko guguwa ba za ta kwance su ba.

Awa uku yana gangara, ta ƙaya, ta santsi, ta kwazazzabo, sai ga shi a tsakiyar gonar kabeji. Wata tsohuwa tana tsugune tana yanka.

"Iya, nan ne Baekdu-daegan?"

Ta nuna sama da wuƙarta. "Ka ga wancan da gajimare ya rufe? Shi ne. Nan gonata ce, kuma kana kan kabejina."

Ta sa direban motar kabeji ya kai shi mashiga ta gaba, inda titi ya ratsa dutsen, ya ci gaba daga nan kamar ba a yi ba. Komawa a kwance ƙyallaye? Ai wannan amsa laifi ne. Ka riƙe wannan ƙa'ida, abin da ba a ɗauki hotonsa ba bai faru ba. Wannan ne karo na huɗu da ya yi haka, shi ne dai mafi nisa.

Ranar Asabar bas ta sauke mutum arba'in na wata ƙungiya daga Daegu. Suka iso mararrabar, suka ga ƙyallaye sababbi fil, a jere, na mutumin da ke tafiya shi kaɗai ba tsayawa. Irin wannan ai ƙwararre ne. Suka bi shi. Awa shida suka yi kafin su fito gonar Iya, ɗaya da targaɗe, biyu ba sa magana da juna, bas ɗinsu kuma tana can wani kwari daban tana jira. Jagoransu ya ciro ƙyalle ɗaya ya karanta lambar.

Asabar ɗin jajibirin bikin girbi ce, ranar da layin shagon Nam-suk yake kaiwa wurin mai kifi. Ina wurin ina taya ta ɗaukar robobi. Hannunta duka biyu cikin safar roba, jajir da barkono, sai ga wayar shago ta yi ƙara, ta ce in danna ta a buɗe, kowa na ji.

"Wane ne Tak Man-bok?"

"Mijina ne. Lafiya?"

"Lafiyar ke nan muna tsaye cikin kabeji mu arba'in. Ki gaya masa in na gan shi, da ƙyallensa zan ɗaure shi a bishiya. Wane irin mutum ne zai ɓata, kuma ya sa hannu a kai?"

Nam-suk ta ci gaba da cusa kimchi a roba.

"Ku yi haƙuri," ta ce. "Haka yake."

Mutumin ya tambaya, "Shekara nawa da aurenku, Uwargida?"

"Talatin da ɗaya."

"To ke ce za a ba haƙuri," ya ce, ya kashe.

Daga ranar waya ba ta huta ba, don wurare huɗu ne, kuma kowace Asabar da tata bas. Har ta saba. In ta ɗauka sai ta ce, "Shagon Nam-suk. In kimchi ne faɗi kilo, in ƙyalle ne yi zaginka ka sauka, akwai layi." Wasu bayan sun huce sukan sayi kimchin.

Mataki na shida: Fassara shiru da ƙauna

Kunna wayarka a ƙololuwa kawai. Kowane tsauni yana da tsayayyen dutse da aka sassaƙa sunansa, ka rungume shi, ka ɗaga babban yatsa, ka tura wa matarka hoton. Da farko za ta amsa, "Ka ci abinci?" Daga baya ta turo yatsa ita ma. Daga baya ba komai. Kar ka damu, kewa ce ta ɗaure mata baki.

Sau ɗaya Nam-suk ta rubuta masa jimla cikakkiya: "An kira sau sittin a kanka." Man-bok ya karanta a kan wani falalen dutse, ya zauna, idonsa ya kawo ruwa. Sau sittin. Ya san za a rina.

Za a ce maka a kan dutse mutum yake samun kansa. Gaskiya ne, kuma shi ne abin takaicin. Ka sha wuya kwana arba'in kana nema, ka same shi, ka ga wanda ka baro ne, ya ƙara wari kawai. Sauran tunanin da ake yi a can duk na abinci ne.

Amma ba zan ci amanarsa ba. A rana ta arba'in da ɗaya, yana tsugune yana dafa taliyar leda a tukunyar nan mai tsada, ya ga ta dahu daidai, ya ji daɗi, sai ya juya zai ce wa wani ya ɗanɗana. Ba kowa. Nan ya tuna cewa shekara talatin da ɗaya bai taɓa ɗora wa Nam-suk ko ruwan zafi ba, ita kuwa bas biyu take hawa kullum don cikinsa. Kunya ta kama shi shi kaɗai a daji, taliyar ta huce bai ci ba. Ya ƙudura zai gaya mata. Yana iya kunna waya a take ya faɗa, da sanda uku na sabis a wurin. Sai ya ga ai irin wannan magana ta fi dacewa da ranar kammalawa, a gaban dutsen ƙarshe, ana ɗaukar hoto.

Mataki na bakwai: Iso ƙarshe, ka karɓi ladanka

Hanyar ba don dutse ya ƙare take ƙarewa ba. Dutsen ya zarce Arewa abinsa, cikin ɗaya rabin ƙasarmu da aka raba gida biyu, sojoji ne suka ce iyakarka nan. A Jinburyeong za ka tarar da titi, da wurin ajiye motoci, da ƙaton dutse mai rubutu. Ƙungiyoyi sukan zo da tuta da furanni su tarbi nasu.

Man-bok ya gangaro da la'asar a rana ta hamsin da ɗaya, gemu buzu-buzu, wando na zamewa, yana ɗingishi da ƙafa biyu. Ya duba ko ina tutar take. Ni ne, da motata, da Nam-suk riƙe da kwali. Ta yi ƙiba kaɗan, ta rina gashi, ban taɓa ganinta da kyau haka ba tun ina makaranta.

"Maman Da-som," ya ce, "na yi tunani a kan dutse."

"Ci tukuna."

Ta buɗe masa shinkafa da miya a bayan mota. Ya ci kamar wanda za a ƙwace wa. Da ya ƙoshi sai jawabin da ya shirya ya gudu, manajan ya dawo. Ya nuna arewa da cokali.

"Ba don iyaka ba, da na zarce har Dutsen Baekdu, can ƙarshen Arewa. Wata biyu kawai zai ƙara min."

"Ka san a coci kullum muna addu'ar a haɗe ƙasar nan," in ji ta. "A da, da baki nake yi. Yanzu har zuciya."

Ya yi dariya, ya ga ita ba ta yi ba, ya bari.

"To, maganar nan da kika ce za mu yi..."

"Babu sauran magana, Baban Da-som. Na koma saman shago tun washegarin biki. Na jira ka mu yi ta tare, ka tafi dutse. Cokula suna aljihun tebur na biyu, na manna takarda."

Ka gani? Na yi maka alkawarin ba za a yi maganar ba, kuma ba a yi ba.

Ya riƙe murfin kwano yana juyawa. "Amma mutane sun kira. Kin ce sau sittin."

"Sun wuce ɗari yanzu. Zagi ne, duka." Ba ta ɗaga murya ba. "Mutum arba'in sun bi ka awa shida, sun samu lambar da za su kira su yi kuka. Ni shekara talatin da ɗaya ina bin ƙyallenka. Ka ɓata, ka san ka ɓata, ka ƙara ƙulli. Ban taɓa samun lambar kira ba."

Na juya ina duba tayar motata, wadda ba abin da ya same ta.

Ta buɗe kwalin. Sabon takalmi ne, da abincin kwana goma, da almakashin kicin mai jan mariƙi, wanda take yanka kimchi da shi.

"Har yanzu mutane suna faɗawa gonar matar nan. Koma ka cire su. Fara da waɗanda ka ɗaura a inda ka san ba hanya ba ce."

"In na cire duka, za ki dawo?"

"Cire tukuna."

Ya karɓi almakashin. Sannan ya ce, a hankali yadda da ƙyar na ji, "Na iya dafa taliya yanzu."

"To madalla," in ji Nam-suk. "Ba za ka mutu da yunwa ba."

Ya kwana a masauki, da safe ya sa sabon takalmin ya fuskanci kudu. Ba a ɗauki hoto ba.

Sanarwa

Marubucin wannan jagora ba shi da alhakin gwiwarka, ko farcenka, ko kabejin kowa, balle aurenka. Kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Wanda ya bi matakan nan ya dawo ya tarar da takarda manne a aljihun tebur, kar ya neme ni, ina bene na biyu kuma ba na buɗe ƙofa. Lambar da ke jikin ƙyallen ta masu sayen kimchi ce kawai. In kuma ka hau dutse ka ci karo da wani dattijo mai jar riga da almakashin kicin yana tafiya kudu, shawarata kar ka bi shi. Ko da yake matan Gumi sun ce sun gan shi makon jiya a wata mararraba, tsaye, yana jiran wani ya zo ya tambaye shi hanya. Na ce ai halinsa ne, ya saba a tambaye shi. Suka ce a'a, shi ne mai tambayar.